Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Motar farko da na mallaka kitika ce, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake loda wa buhuna. A Kano na saye ta, hannun wani Kwara, Balarabe mai awon gyaɗa, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama. Shi ma ba sabuwa ya same ta ba. Agogon da ke ƙirga nisan tafiyarta ya zagaya har ya gaji ya tsaya tun kafin ta zo hannuna, saboda haka babu mai iya cewa ga iyakar ƙasar da ta taka. Ni dillalin fata ne da gyaɗa, da jaki ɗaya na fara, kuma tun a kan jakai na koyi duba haƙori kafin in duba gashi. Na sa aka tayar da injin, na kasa kunne, na ji ba ya tari, na biya. Jikinta kuwa ban kalle shi sau biyu ba. An ce da fari koriya ce. Lokacin da na kawo ta Azare launinta ya koma na tsohuwar tukunyar ƙarfe, tsatsa ta cinye gefen ƙofofi, murfin inji ya yi dabbare-dabbare kamar kan mai ƙora.

Direbanta Babarbare ne, mutumin Nguru, ya girme ni, kuma shi ke tuƙa ta tun tana hannun Kwaran. Da na saye ta sai ya biyo ta, ya ce shi ba ya barin tsohuwa a hannun baƙo. Da shi muka yi ta zirga-zirga, Misau, Jama'are, Gamawa, kowane gari ranar kasuwarsa, fata a baya, mu a gaba. Ba ta taɓa kwana da mu a daji ba, sai dai a tsaya a ba ta ruwa ta huce.

Mutum ɗaya ne bai yarda da ita ba, shi ne mahaifina.

Baba marini ne, haifaffen Katagum. Maraya ya tashi, yayarsa ce ta raine shi, wadda muke kira Gwaggo. Yana saurayi sarauta ta tashi daga Katagum ta dawo Azare, masu sa manyan riguna suka biyo ta, marina suka biyo masu riguna. Ranar da zai bar gida, a gaban Gwaggo da maƙwabta, ya ce ba zai sake taka Katagum ba sai a kan dokin kansa. Maganar saurayi ce, da wani ne da ya manta da ita kafin ya kai Sakwa da ke kan hanya. Shi bai manta ba. Ya yi rini a Azare shekara da shekaru, hannunsa ya rine har gwiwar hannu, amma abin sayen doki bai taɓa taruwa ba. Da yadin kanti ya cika kasuwa sai karofi ya fara mutuwa, ramukan rini suka koma wurin zubar da shara. Ya bar sana'a, shuɗin hannunsa ya koɗe a hankali, ya zauna a gidana.

Gwaggo ta zo Azare sau ɗaya, ranar sunana. Tun daga nan ba su sake haɗa ido ba. Sai dai saƙo, ta bakin masu kawo bandar kifi daga can. Ba ta kiransa da suna, "mai doki" take ce masa, shi kuma ya yi kamar bai ji zolayar ba.

A wata bazara, zafi ya kai inda ya kai, wani mai banda ya tsaya a rumfata ya sauke kwandonsa. Ya ce, "Tsohuwa ta ce a gaya wa mai doki idonta ya tafi, saura kunne. In zai zo, ya zo tun tana jin murya."

A lokacin Baba ma ba lafiya gare shi ba. Ƙafafunsa sun fara kumburi, in ya je masallacin ƙofar gida ya dawo sai ya zauna yana neman numfashi. Na same shi a zaure na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni.

Na ce, "Baba, ga mota a ƙofar gida. In mun tashi bayan asuba, kafin azahar kana gaban Gwaggo."

Ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce mini, in ransa ya yi daɗi ya ce "ɗan kasuwa". Ya leƙa ta ƙofar zaure ya dubi motar.

"A cikin wannan kaskon?"

"Kasko ne mai gudu, Baba."

"Na ce doki. Doki bai samu ba, na ji, haka Allah ya so. Amma ba zan shiga garin da aka haife ni a cikin abin da mai tallan gawayi zai ji kunyarsa ba. Ba ka san mutanen Katagum ba. Kafin in sauke ƙafa sun raɗa mini suna."

Na san in mai saye yana kushe kaya bai tashi ba, ba a katse shi. Can ya sake duban ta, ya ce a hankali, "Da dai a ce an rina ta."

Nan na san ciniki ya faɗa.

Abin da ke gabanmu lokaci ne. Hanyar Katagum ta rani ce. Da ka wuce Sakwa fadama ce shimfiɗe har bakin kogi. Da rani mota na bi ta kan busasshen laka da yashi, inda ya yi laushi a shimfiɗa zana a wuce. Amma ruwan sama na sauka sau biyu ko uku, shi ke nan an rufe sai bayan kaka. Na dubi gabas, babu ko alamar gajimare. Na ce muna da sarari.

A Kano akwai masu yi wa mota fenti, amma sai a bar ta can a bi layi, ni kuwa ban ga abin da mutum zai yi da burushi wanda zai gagare ni ba. Na taɓa shafe ƙofar rumfata da hannuna, ta yi kyau. Baba ya buɗe akwatinsa ya yago ƙyalle daga ragowar rininsa na ƙarshe, ya ce irin wannan launi yake so. Na ba wani direban babbar mota ƙyallen ya tafi da shi Kano. Ya dawo mini da gwangwani biyu na shuɗin fenti da burushi ɗaya. Da muka buɗe, Baba ya leƙa ya taɓe baki.

"Wannan ai tsoma ɗaya ne. Bai ji shuni ba. Amma a bar shi, ya fi tsatsa."

Akwai kango a jikin gidana, kewaye da zana, inda nake tara buhunan gyaɗa da kaka. Nan muka tura motar, ƙarƙashin wata tsamiya. Muka fara da wanki. Yashi, toka, soso, ni da direba muna ta dirza. Mai ɗakina ta leƙo ta kan zana ta ce ashe mun iya wanke tukunya, shekarun nan duka muna ɓoyewa. Inda tsatsa ta yi kauri muka kankare da tsohuwar wuƙar jima. Baba ya sa aka kifa masa turmi a inuwa, ya zauna yana ba da umarni. "Kai, ka bar wancan lungun. Babarbare, da ƙarfi, ba jariri kake wa wanka ba." Rabon da in ga ya fito da sassafe haka, da hula a kai da magana a baki, tun yana zuwa karofi.

Da muka zo shafawa sai matsala ta fito. Fentin ya daɗe a kanti, ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Burushi ba ya jan sa, kuma ko makaho ya san gwangwani biyu a haka ba za su rufe mota ba. Na ce a tsinka shi da kananzir. Baba ya ce sam.

"Kananzir zai kashe masa ido. Ka taɓa ganin rigar da ta fito daga wurin bugu? Me ke sa ta sheƙi? Maiƙo ne. Shuni ake kwaɓawa da ɗan kitse a buga a jikin riga. Launi in babu maiƙo matacce ne."

Direba ya ce, "Gaskiyar Baba. A garejin Kwara na sha ganin suna zuba wani mai a cikin fenti."

Na ce, "Wane mai?"

"Mai dai. A kwalba yake, launinsa kamar zuma."

Mai ɗakina tana jin mu. Ita ƙuli-ƙuli take yi, gidanmu bai taɓa rabuwa da mai ba. Ta ce, "Kamar zuma? To ai ga shi nan cike da tulu, jiya na matse."

Ta kawo a ƙwarya. Na ɗaga shi a rana, garai-garai, babu ko gurɓi. Babu wanda ya yi shakka a cikinmu. Ni har wani daɗi na ji, na ce a raina duk cikin aikin nan ga abu ɗaya da muka fi Kano, domin man gyaɗa irin na gidana ba a samun sa a kwalba. Muka zuba, muka dama da kara. Fentin ya saki, ya yi laushi, ya ƙaru, ya riƙa bin burushi kamar man shanu a kan tuwo mai zafi.

Ni na riƙe burushin kanti, direba ya naɗa tsumma a sanda. Muka fara daga murfin inji muka yi baya. Da muka iso ƙofar gefen da fasinja ke zama, Baba ya ɗaga hannu.

"Ku bar wannan. Nan zan zauna, ni zan rina ta."

Aka matso masa da turminsa. Ya ɗebi fenti a ƙoƙo, ya ƙara mai son ransa, ya dama da kansa. Ya ƙi burushi, ya nannaɗe ƙyalle a yatsunsa. Ina tsaye ina kallon hannun. Ƙaramin yatsansa na dama a karkace yake, ya fita waje kamar reshe, ba ya lanƙwasuwa. Tun ina yaro na san shi haka, ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ya shafa a hankali, daga sama zuwa ƙasa, ya huta, ya sake. Ƙofar nan ɗaya ta ci masa wuni, amma da ya gama babu inda ya kai ta sheƙi a jikin motar. Kana ganin fuskarka a ciki.

Da la'asar maƙwabta suka shigo kallo. Rana ta karkata ta bugi motar, sai ƙyalli take. Wani ya ce ko ta Joji, Baturen mulki, ba ta kai wannan ba. Da suka watse Baba ya ce, "Ɗan kasuwa, ko ba doki ba ce, ta yi kama da rigar mai doki." Ya sa mai ɗakina ta fito da babbar rigarsa ta shuni ta shanya ta sha iska. Ya aike ni kasuwa in sayo goro fari manya da turaren wuta na Gwaggo. Muka sa ranar tafiya jibi.

Washegari na taɓa murfin inji da ɗan yatsa. Ya fito shuɗi.

Baba ya ce kada in damu, rini ba ya son gaggawa. Muka ƙara kwana. Na sake taɓawa, kamar yanzu aka shafa. Direba ya ce inuwar tsamiya ce ta hana, muka tura ta tsakiyar rana. Kafin azahar fentin ya fara narkewa yana gangarowa layi-layi, yana ɗiga a ƙasa. Muka mayar da ita inuwa. Tsamiya ta yi ta zubo mata ƙananan ganye, kowanne ya faɗa ya manne. Kiyashi suka ji ƙanshin gyaɗa suka hau ta tayoyi, runduna guda, suka maƙale suka mutu a nan. Matan maƙwabta suka yi sussuka, iska ta kwaso ƙaiƙayi ta watsa mata. Wata safiya na shigo na tarar da awaki sun fasa zana suna lasar gefenta, bakunansu shuɗi. Kaza ta hau ta bar gashinta da sawunta.

Baba ya zo ya duba. Ya ce a karofi in rini bai kama ba, sake tsomawa ake yi. Muka tsince abin da ya tsintu, muka shafa ragowar fentin a kai. Ya ƙara kauri, ya ƙara danƙo, bai bushe ba.

Direban nan da ya sayo mana fentin shi ya warware mana. Ya biyo ta Azare, ya ji labari a tasha, ya zo gani. Ya dangwala ya shinshina, ya dube ni.

"Maigida, me kuka zuba a ciki?"

Na gaya masa. Ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ce to saura a kawo ƙullu a soya ƙosai a kai. Sai ya juya ya ga fuskar Baba, dariyar ta tsaya. Ya rage murya ya ce man da ake zuba wa fenti daban ne, na wani iri ne da ake kawowa daga ƙasar Turawa, shi yana bushewa ya yi tauri. Man gyaɗa kuwa ba ya bushewa, ko shekara za a yi. Babu magani sai a kankare duka, a wanke da kananzir, a sake sabo.

Da ya tafi na zauna kusa da Baba. Ranar ne na fara ganin gajimare ya taru a gabas, fari, can ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Baba, mu tafi a haka. Inji lafiyarsa lau. In shimfiɗa zana a ciki, rigarka ba za ta taɓa komai ba."

"Da gashin kaza a jikinta?"

"Gwaggo ba ta gani, Baba."

"Ita ba ta gani. Garin yana gani."

Na san ciniki, na san inda ake matsawa da inda in ka matsa mai kaya zai naɗe tabarmarsa. Na bi direban nan tasha na ba shi saƙon sabon fenti.

Kankarewar ta fi shafawar wuya nesa ba kusa ba. Abin ya zama kamar ƙaro, ka ja da wuƙa ya biyo ka, ka goge da tsumma ya koma gefe. Na bar rumfa, na bar kasuwanni, ni da direba muna ciki tun safe har rana ta faɗi, hannuwanmu sun saɓule saboda kananzir. Da muka zo kan ƙofar Baba ya hana.

"Wannan tawa ce. Za ta bushe."

"Baba, ka ji abin da mutumin nan ya ce."

"Na ji. Shi direba ne, ni marini ne. Ku bar ta."

Muka bar ta. Babbar motar da za ta kawo fenti ta lalace a hanyar Kano, ta yi kwanaki ana jiran ƙarfen gyara. Kafin ta iso aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, da iska. Manoma suka fita shuka suna murna, ni ina tsaye a kango ina kallon ruwa yana taruwa ɗigo-ɗigo a kan ƙofar Baba yana gangarewa, bai ko jiƙa ta ba. Fenti ya iso, muka tsinka da kananzir muka shafa. Ya bushe da wuri, amma ya fito a dushe, babu ido, kamar yadda Baba ya faɗa. Muna jiran ya gama kamawa aka sake yin ruwa.

A kwanakin nan Baba ya daina fitowa kango. Kumburin ya haura gwiwa, kwanciya ma ta gagare shi sai a jingine. Ban sake tayar masa da maganar tafiya ba. Wata safiya bayan na dawo daga masallaci na ji ya kira daga ɗakinsa.

"Kai, ɗan kasuwa. A tayar da ita."

Na shiga na same shi zaune a bakin gado, ya riga ya sa babbar rigar, ya naɗa rawani, goro da turare a ƙulle a cinyarsa. Rigar ta yi masa yawa, wuyansa kamar kara a cikinta.

Direba ya ja ni gefe. "Maigida, ruwa biyu aka yi. Ka san fadamar nan."

"Na sani."

"To shi ke nan. Allah ya kai mu."

Mu biyu muka ɗaga shi muka sa a mota. Na riƙe ƙofar ta mariƙi, na tattare masa riga don kada ta shafa. Na zauna a tsakiya, shi a gefen ƙofarsa. Muka fita Azare ta arewa. Ƙasa ta yi sanyi, shuka ta fara tsirowa, hanya babu ƙura. Baba ya yi ta magana kamar ba shi ba. Ya nuna wata kuka ya ce a gindinta ya kwana ranar da ya taho, da ƙunshin kayansa a kai. Ya nemi wata rijiya bai gan ta ba. Ya ce da duk nan daji ne, har kura ana ji da rana. Ya tsokani direba ya ce Barebari ba su iya komai ba sai tuƙi da cika baki, direba ya ce ai shi ya sa aka ɗauko Babarbare ya kai marini gida.

Mun wuce Sakwa da hantsi. Ba mu yi nisa ba hanya ta fara laushi, tayoyi suna jan laka. Sai muka hau wani ɗan tudu, muka ga ruwa. Ba kogin ba ne tukuna, fadamar ce ta cika, ruwa kwance iyakar ganin ido, ciyawa ta leƙo ta cikinsa, balbelu suna tsaye a ciki. Direba ya ce bari ya gwada ta gefe. Muka shiga kaɗan, motar ta nutse har gindi, inji ya yi ta kuka a banza. Wasu manoma da masunta da ke kusa suka zo, aka sa zana da itace, da ƙyar aka turo ta baya zuwa kan tudun.

Na tambayi masuntan. Suka ce kwale-kwale yana can bakin kogi, amma tsakaninmu da shi tafiya ce mai nisa a cikin ruwa da laka, wani wuri har ƙugu. Jaki ba ya shiga, ko yana shiga Baba ba zai iya zama a kai ba. Wani dattijo a cikinsu ya ce akwai dabara, a kawo gadon kara a kwantar da shi, samari su ɗauka a ka har bakin jirgi, a can ma a ɗauke shi zuwa cikin gari. Na ce a kawo, ko me za a ba samarin zan ba su.

Baba yana ji ta taga. Ya ce, "A kwance? A kan mutane?"

"Baba, ɗan lokaci ne."

"Wannan ɗaukar sau ɗaya ake yi wa mutum, kuma ba ya sanin an yi. Ba zan shiga Katagum a haka ina da rai ba. Ku sauke ni in tsaya."

Muka sauke shi. Ya ce mu sake shi, muka saki. Ya yi tangaɗi, ya kai hannun dama ya dafa ƙofar, tafin duka. A haka ya tsaya yana duban arewa. Can nesa, bayan ruwan, ana hango kawunan giginya. Ya ce waɗancan na bayan unguwarsu ne, ya san su. Direba ya buɗe baki zai ce garin da saura, na taka masa ƙafa.

Ya daɗe a tsaye, fiye da yadda na zaci ƙafafunsa za su iya. Sannan ya kira dattijon nan, ya miƙa masa ƙunshin goro da turare da hannun hagu.

"In ka shiga gari ka tambayi tsohuwa makauniya a unguwar marina. Ka ba ta wannan. Ka ce mai doki ya zo har bakin ruwa, dokin ne ya ƙi shiga."

Da zai ɗaga hannunsa daga ƙofar sai da ya ja, ya fito da ɗan ƙara. Ya juya tafin ya duba, shuɗi har tsakanin yatsu. Ya yi 'yar dariya.

"Rabon da in ga hannuna haka, tun ina karofi."

Ya ƙi a goge masa. A hanyar dawowa ya ɗora hannun a kan gwiwarsa, tafin a sama, har Azare.

Ya rasu a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Hanya a rufe take, sai ta bakin masu banda labari ya kai Katagum.

Bayan kaka, da ruwa ya janye, na ce wa direba mu je. Ƙofar ta kwashi ƙasar hanya wata da watanni, ta yi wata irin fata mai tauri, sheƙin ya tafi. Amma sawun hannun yana nan, ya shiga ciki kamar an danna a ɗanyen yumɓu. Muka ratsa fadamar a bushe, muka ƙetare kogi ta kan yashi. Giginyun da ya nuna ba na Katagum ba ne, na wani ƙauye ne a hanya. Muka shiga gari, babu wanda ya raɗa mana suna, yara dai suka bi mu da gudu kamar yadda suke bin kowace mota.

Gwaggo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta fi Baba ƙanƙanta, muryarsu ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa kaina da fuskata, muka yi wa juna ta'aziyya. Ta ce goron ya iso, ta ci ɗaya ta raba saura, turaren kuwa ba ta ƙona ba. Ta tambaye ni yadda ya cika, na gaya mata. Na ba ta labarin fentin duka, da man gyaɗa, da awaki. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce tun yana yaro haka yake, in ya kafe ko an dake shi ba ya sakewa.

Sai ta ce, "Kai ni in taɓa dokin."

Na riƙe hannunta muka fito ƙofar gida, tana dogara sanda. Ta shafa murfin inji, ta shafa fitila, ta ce yana da zafi kamar mai rai. Ta bi jikin motar da hannu har ta iso ƙofar. Yatsunta suka faɗa cikin sawun, ta tsaya. Ta bi shi a hankali, babban yatsa, na biyu, na uku. Da ta kai kan ƙaramin, wanda ya karkace ya fita waje, sai ta saki sandar, sandar ta faɗi ƙasa.

"Ni na yi masa wannan," in ji ta. "Ina daka, ya zura hannu a turmi zai saci gari. Taɓarya ta sauka. Bai yi kuka ba don kada a dake ni."

Ta shimfiɗa tafinta a cikin nasa. Nata bai cika shi ba. Muka tsaya muna kallo, ni da direba da matan gidan da suka leƙo.

Can ta ce, "Ɗana, ka bar mini."

"Motar, Gwaggo?"

"Me zan yi da mota? Ƙofar."

Ban kai ga amsawa ba na ji direba yana buɗe akwatin kayan aiki. Ya fito da sifana ya durƙusa. Kusoshin sun yi tsatsa, sai da aka ɗiga musu mai suka saki. Mu biyu muka ɗauki ƙofar muka shiga da ita ɗakin Gwaggo, ta nuna mana inda za mu jingina ta, jikin bango kusa da gadonta, daidai inda hannunta zai kai in tana kwance.

Muka dawo Azare da igiya ɗaure a gurbin ƙofar, iska tana dukana ta gefe. Na ci gaba da aiki da motar shekaru bayan haka. An sha kawo mini ƙofar da za ta dace, daga wata da ta mutu a Misau, daga wata a Kano, ban saya ba. A tasha suka riƙa kiranta mai ƙofa ɗaya, in an tambaye ni sai in ce ɗayar tana Katagum.